Ranar da Baffa ya ƙi tayar da inji

Tun safe na kasa zama wuri ɗaya. A bakin kasuwar Kazaure na ga wani makanike ya ɗauki mazurari daga ƙasa, ya hure shi, ya ɗura wa inji mai da shi. Na wuce, amma Baffa ya faɗo mini a rai, ƙanin mahaifina da na yi wa aiki a injin casar shinkafarsa a Gwiwa har ya rasu.

Shi ba ya zuba mai sai ya murza ɗigo a yatsunsa, ya sansana, ya ɗaga wa haske. Yakan ce ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta ci ƙarfe.

Wata rana da kaka, mata sun cika rumfa da buhunan shinkafar biki, na bar jarkar mai a buɗe inda ƙura ke tashi. Baffa ya murza, ya miƙo mini yatsunsa in taɓa. Na ji yashi.

Na ce, "Baffa, mu tace da ƙyalle mana, mutane na jira."

Ya ce, "Ƙyalle zai tare wanda ka gani. Wanda ba ka gani ba fa?"

Bai yi mini faɗa ba. Ya hau babur zuwa Roni neman sabon mai, ya bar ni ina ba mata haƙuri har la'asar. Uwar amarya ta yi wata guda ba ta amsa gaisuwata.

Har yau injin yana casa. Allah ya jiƙan Baffa, ya sanyaya makwancinsa, ya sa ya huta.