Motar Kailu a Hawan Williamsville

Kailu ɗan mahauta ne, amma bai taɓa son wuƙa ba. A unguwar Arras ta Treichville aka haife mu ni da shi, gidanmu yana kallon nasu. Mahaifinsa, Baba Sadi, daga Tawa ya zo Abidjan da shanu tun yana saurayi, ya zauna a Treichville bai koma ba. Ni na kama sana'ar gasa nama. Kailu kuwa tun muna yara, idan mota ta wuce sai ya bar wasa ya kasa kunne.

Yana saurayi wani bijimi ya take masa ƙafar hagu a kasuwar shanu ta Port-Bouët. Ƙafar ta warke a karkace, ba ta iya danna ambiriyaj, wato kuloci. Shi ya sa ya sayi tsohuwar mota otomatik, mai canza giya da kanta, a lokacin da direbobin unguwarmu ke kiran irinta motar mata. Sun yi masa tsiya har sun gaji. Shi kuma yakan ce ƙafa ɗaya ta ishe shi, su masu ƙafa biyu ga su nan kullum a garaji.

Da motar nan ya riƙe matarsa Tsahara da 'ya'yansu da tsohonsa. Kowace safiya yana kwasar matan Arras zuwa kasuwar Gouro a Adjamé, ya dawo da su da albasa da tattasai da ayaba. Motar ta tsufa, buwat ɗinta, wato akwatin giyar, ta fara rauni. Idan ta yi zafi sai inji ya yi ta kuka, ita kuwa ba ta ja. Bai da halin sayen wata, sai ya koyi lallashinta. Da asuba yakan zaro sandar man buwat ya goga a farin ƙyalle ya sansana. Idan man ja ne kamar zoɓo, lafiya lau. Idan ya fara duhu yana ƙauri, ranar ba ya fita sai ya canza shi. A hawa yana kashe kilim, na'urar sanyi, ya sauke giya ƙasa, ba ya danna totur da ƙarfi. A cunkoso yana barin ta ta huta. Kuma ba ya ɗaukar fiye da mutum huɗu, ko wa ya roƙe shi.

Ni ma ya sha hana ni. Sai ya leƙo ta taga ya ce, "Ɗan Azumi, kai da tumbinka mutum biyu ne. Jira gbaka." Wato ƙaramar bas ta haya. Da yamma kuma sai ga shi a bakin tukubata, ya ci balangu bai tambayi kuɗinsa ba.

Ciwon ajalin Kailu bai daɗe ba. Ya ce kansa yana sara, aka kai shi asibiti, bai kwana uku ba. Da Tsahara ta kira ni na ce to. Na gama juya naman da ke kan wuta, na rufe shi da takarda, sannan na tafi. Har yau ban san me ya sa na tsaya juya naman ba.

Bayan azahar aka yi masa salla a babban masallacin Treichville. Motar gawa ta wuce gaba zuwa makabartar Williamsville, can bayan Adjamé. Tsahara ta aiko mini da makulli ta ce in kai Baba Sadi, don tsohon ba ya iya hawa gbaka, idonsa ma ya yi rauni. Na zaunar da shi a gaba. Kafin in zagayo, mutane sun cika baya, wasu a kan cinyar wasu, har but an buɗe biyu sun zauna ƙafafunsu a waje. A wurinmu ba a cewa mai zuwa jana'iza ya sauka. Na tsaya da makulli a hannu na dube su, duk abokan Kailu ne da matan gidajensu suka sha hawa motar nan. Na shiga na tayar.

Mun haye gada, muka faɗa cunkoson Adjamé, rana tana dukan rufin. Da muka fara hawan Williamsville na ji abin da Kailu yake faɗa. Injin ya ɗaga murya, motar tana tafiya kamar an ɗaure ta da igiya. Ƙauri ya shigo ta taga. Na samu na raɓa gefen hanya, ta tsaya cak.

Mutanen suka sauka suka ce a tura ta, ta kama, kamar yadda suke yi wa nasu motocin. Na ce musu irin wannan ba ta jin turi, kuma hawan da sauransa. Sai ta huce. Suka tambaya yaushe, na ce ban sani ba. Suka tare gbaka suka cusa kansu. Wani ya ce a ɗaga Baba a saka shi, ko a nemo taksi. Tsohon ya riƙe murfin ƙofa.

"A motar ɗana na fito. A cikinta zan isa."

Muka rage ni da shi. Na buɗe bonat kamar yadda Kailu ke yi, na dawo na zauna. Aka kira ni daga makabarta aka ce liman ya ɗan jira, amma hadari ya haɗu, ba a barin gawa a bakin rami. Na gaya wa Baba. Ya ce gaskiya ne, kada su jira. Ya kai hannu yana shafa gaban motar, ya taɓa carbin da ke rataye a madubi, ya bar shi. Motoci suna wucewa. Wata mai sayar da ruwan leda ta leƙo ta tafi. Ban yi kuka ba, ban ma ji komai ba, sai dai ina kallon allurar zafin inji.

Can Baba ya ce, "Ɗan Azumi, yaya yake yi mata?"

Na ce yana sauke giya ƙasa, ya taka a hankali.

"To, yi mata yadda yake yi."

Na rufe bonat na tayar. Ta ɗauke mu sannu-sannu, ba ta yi kuka ba, har ƙofar makabarta.

Mun tarar an gama. Ƙasa ta tashi ja, mutane suna kakkaɓe hannu, wasu sun fara juyawa. Ba wanda ya iya duban tsohon. Na kama hannunsa na kai shi, ya durƙusa ya laluba tudun da tafinsa daga wajen kai har ƙafa. Ya tambaya ko an yayyafa ruwa, aka ce tukuna, wanda aka aika bai dawo ba.

A but ɗin motar akwai jarkar da Kailu ke ajiyewa saboda radiyata. Na ɗauko. Ruwan da ɗumi. Na riƙe jarkar, Baba Sadi yana tara hannu yana yayyafawa, har ta ƙare. Ya yi addu'a a hankali, muka shafa.

Da za mu koma mutane da yawa suka nufo motar. Baba ya tsaya a bakin ƙofa ya ce biyu su shiga, sauran su jira gbaka.