Ranar da Na Kafe Motar Baba Gambo

Gumel

Mun bar Gumel ranar Alhamis da ƙarfe biyar da rabi, muna idar da sallar asuba. Kakar gyaɗa ce, shekaru kaɗan kafin mulkin kai. Watana huɗu kacal da zama akawu a wani kamfanin motocin dakon kaya, kuma ina ji da kaina sosai. Manaja ne ya haɗa ni da agogon aljihu da littafi, ya ce in bi motar Baba Gambo, in rubuta duk inda ya tsaya da daɗewar da ya yi. Wai kullum sai ya makara zuwa tashar jirgi. Idan laifinsa ne, mabuɗi zai ajiye.

Baba Gambo dattijo ne gajere mai faɗin kafaɗa, a soja ya koyi tuƙi. Motarsa doguwa ce mai shimfiɗaɗɗen baya, ba ta da bodi, igiya da tamfal ne ke riƙe kaya. Tun bara kamfani ya sallami mataimakan direbobi, saboda haka shi ke murɗa inji, shi ke ɗaure kaya, shi ke facin taya. Ya san sarai abin da ya kawo ni, amma sai da ya cire rawaninsa ya shimfiɗa mini a kujera.

"Bismilla, Malam Akawu. Kujerar nan tana cizon baƙo."

Maigatari

Mil goma sha uku ne, mun isa bakwai saura kwata. A shinge ɗan doka ya leƙo, ya tambayi Baba lafiyar iyali, ya karɓi goro ɗaya, ko takarda bai duba ba. Ranar kasuwa ce, 'yan dako suna ta hidima, ba a gama loda buhun gyaɗa sittin da biyar ba sai tara da rabi. Daga nan Baba ya hau kan kaya shi kaɗai, yana jan igiya da hannu, yana tokarewa da ƙafa. Na rubuta: ɗauri, minti arba'in.

Mai sikelin da ya auna mana kayan Badamagare ne, ya sa aka kawo mana fura da nono na kwabo biyu.

"Mushe, matso ka sha," in ji shi.

Na haɗe rai. Baba ya yi dariya har da ƙwarewa. "Ba zaginka ya yi ba. A wajensu can tsallaken iyaka, mai karatun boko shi ne Mushe. Sha furarka."

Hanyar Gagarawa

Mun sake ratsa Gumel sha ɗaya da kwata, muka tsaya bakin rijiya aka cika lagireto. Saura wajen mil ashirin, jirgi kuwa ƙarfe uku zai ja taragonmu. Sha biyu da kwata Baba ya tsaya a inda rairayi ya fara, ya sauka da tsinken ashana a hannu.

"Me kuma ya faru?" na tambaya.

"Iska zan rage wa tayoyi. In sun yi laushi sai su taka rairayi ba su nutse ba. Mun fita sai in mayar da famfo."

"Minti nawa?"

"Ragewa ba wuya. Mayarwa ce awa guda, tunda hannu ɗaya ne."

Na ce a raina, yau na kama ɓarawon lokaci. Na ce masa babu wannan a tsarin Manaja, ya ba motar wuta mu wuce, in kuwa ya tsaya zan rubuta. Ya dube ni, ya dubi hanya, ya mayar da tsinkensa bayan kunne.

"To, Malam. Kai ke da alƙalami."

Ba mu yi rabin mil ba motar ta yi gurnani ta zauna, rairayi har gindinta. Baba ya sauka ya ɗauko shebur. Manoma uku da ke tsintar wake suka zo da zana, aka sauke buhu talatin, aka tona, aka shimfiɗa, aka rage iskar da na hana. Ni ma na tuɓe rigata na shiga. Da muka fita ƙasa mai tauri na karɓi famfo, ban yi bugu ɗari ba tafin hannuna ya ɗuri ruwa. Baba ya yage gefen tsummansa ya naɗe mini, yana cewa hannun rubutu ne, a lallaɓa shi. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba.

Gagarawa Tasha

Biyar da rabi muka iso. Jirgi ya daɗe da tafiya, ga Manaja tsaye jikin ƙaramar motarsa, fuska a murtuke. Kafin in sauko Baba ya riga ya isa gabansa.

"Ranka ya daɗe, ni na kafe ta. Ban karanci hanya ba."

Manaja ya miƙa hannu, Baba ya sa masa mabuɗi. Ba zan ɓoye muku ba, na ga ƙofar tsira a buɗe, har na so in bi ta. Sai na ga hannun Baba, igiya ta tsattsage shi, yana goge shi a jikin riga. Na matsa na faɗi duk yadda aka yi. Na buɗe littafi na nuna masa cewa tun asuba mutumin nan bai tsaya don kansa ba sai sallar azahar, ita ma a gindin taya.

Manaja ya wanke ni tas a gaban 'yan dako. Sannan ya jefa wa Baba mabuɗinsa, ya ce a ƙara wa hanyar awa guda. Mataimaki dai bai bayar ba. Mun kwana a rumfar wani mai awo, matarsa ta aiko da tuwon gero da miyar kuka.

Komawa

Juma'a da hantsi muka kama hanyar gida ba kaya. Na kasa haƙuri na tambaye shi dalilin da ya ɗauki laifina.

"Haba, Malam. Ni in an kore ni ina da gona a Sule Tankarkar. Kai fa? Gyatumarka ta gama shaida wa duk Gumel ɗanta akawu ne."

Mun shiga gari sha ɗaya daidai, lafiya lau. Na gode wa Allah da ya dawo da mu, na gode wa manoman nan uku da ban ko tambayi sunayensu ba. Baba kuwa ya hana ni ƙarasa godiya, wai in tafi in yi wankan masallaci.

Da kaka ta zagayo aiki ya kai ni Sule Tankarkar. Na nemi ƙanen Baba Gambo, na ce ya nuna mini gonar yayansa in gani. Mutumin ya dube ni da mamaki.

"Wace gona? Yaya ai ba shi da ko taƙi ɗaya. Motar nan ita ke ciyar da mu duka."