Tukunyar Rabi

A Tabotaki na girma, a gidan da duwatsun bayansa suka fi gonarmu faɗi. Idan sanyi ya shigo, da an idar da sallar lisha sai kakarmu ta wajen uba, wadda muke kira Kaka Mamu, ta tara karan dawa a ƙofar ɗakinta ta hura wuta. Mu jikoki mu kewaye ta, kowa ya cusa gwiwoyinsa cikin riga. A shekarun da rumbu ya yi ƙasa, gatanarta, wato tatsuniyarta, ta fi tsawo. Sai da na girma na gane dalili: tana jan labarin ne har barci ya kwashe mu kafin wani ya tambayi ƙarin tuwo.

Ba ta fara magana sai ta gyara wutar da tsinke. "Ga ta nan tahe," in ji ta, "wanda ka jin kwana shi tashi tun yanzu." Mu ce ta iso, kunnuwanmu a buɗe suke.

Wadda ta fi zama mini a rai ita ce ta wata mata da mijinta ya tafi cin rani bai dawo ba, ya bar ta da yara cikin shekarar yunwa. Maƙerin garin, mai zuba mundaye, ya ce duk wanda ya kawo masa tataccen kakin zuma zai ba shi gero. Matar ta bi kogunan duwatsu tana tsintar saƙar zuma wadda maza suka matse suka yar, har ta cika kwando. Yara na kuka, sai ta juye duka cikin tukunya, ta ɗora kan wuta, ta ƙara itace don ya yi sauri. Kaki ya kama da wuta. Ta sheƙa masa ruwa, wutar ta yi tsalle ta lashe jinkar ɗaki. Da gari ya waye, ba ta da komai sai yaranta da randar ruwa da ke tsakar gida.

A nan Kaka takan rage murya, ta kwaikwayi tsohuwar da ta zo wucewa. "Ɗiyata, kaki da wuta surukai na. Ba su gaisawa ido da ido. Sa masu ruwa tsakani." Matar ta sake tsintar saƙa, ta aro ƙaramar tukunya, amma ba ta da babbar da za ta zuba ruwan. Sai ta ɗauki dutse ta fasa wuyan randarta, ta ɗora gindin a murhu da ruwa, ta zaunar da tukunyar kaki a ciki. Ya narke a hankali, ta kai wa maƙeri, yara suka sha kunu.

"Kaka, to da mi taka ɗibar ruwa?" wata ƙanwata ta taɓa tambaya.

"Da ƙwarya, kullum, har ta tsuhwa," in ji Kaka. "Kan kusu ya ƙone, ku tashi ku kwanta."

Ni dai a lokacin kunun nake ji wa daɗi. Na ɗauka haƙuri kawai take koya mana.

Shekaru suka ja. Na tafi aikin gini Tamanrasset kamar sauran samarin Adar, na faɗo daga saman bene, ƙafata ta hagu ta karye wuri biyu. Ina jinya a ɗakin wani mutum mai yin kyandir, wanda mu nan muke ce wa buji, ya koya mini zura lagwani cikin guntayen bututun roba da zuba kaki. Da wannan sana'ar da sanda na dawo ƙasarmu, na zauna a Madawa. Noma ya gagare ni, dako ya gagare ni. Matata Rabi ce ke riƙe da gidan. Tana da babbar tukunyar dalma da uwarta ta bar mata, a ciki take dafa shinkafa da wake ta sayar a ƙofar lakwal, wato makarantar boko, abin da ya rage a gindin tukunya shi ne abincin yaranmu.

Ni kuwa ina narka kaki cikin gwangwanin madara, na zaunar da shi a tukunyar miya mai ruwa. Abin da nake yi a yini bai wuce in riƙe a hannu biyu ba. Da kuran, wato wutar lantarki, ya shiga yankewa ba dare ba rana, buji ya yi daraja. Alhaji Sani, mai butiki, wato kanti, da ke kai kaya kasuwannin Allakaye da Babankatami, ya kira ni.

"Bujinka na da kyau, Musa, amma ɗan kaɗan ɗin ga ba ya isata. In kana iya cika mani kwalaye kahin azumi, ga kaki buhu na ba ka. In ba ka iyawa, gaya mani in aika a kawo daga ƙetaren iyaka."

Na ce zan iya, ban san da me ba.

Na dogara sanda zuwa wurin Idi mai walda. Ya nuna mini hoton wata na'ura a salularsa, mai famfo a gindi, wadda ke narka kaki da kuran. Muka dubi juna muka yi dariyar da ba ta da daɗi, don rashin kuran ɗin ne ya samar mini ciniki. Sai ya jawo rabin tano, tsohuwar gangar mai da ya yanka.

"Ɗauki wannan kyauta. Zuba kakinka ciki, ɗora bisa wuta, ka gama cikin sauri."

"In ya kama hwa?"

"Sai ka tsaya kansa ka lura."

Na dubi ƙafata. Mutumin da ba ya iya gudu, a gidan haya mai zanan kara, da yara na wasa a tsakar gida. Na tambaye shi ko zai ƙera mini tukunyar ciki, in mai da tanon na ruwa. Ya ce ƙarfen da ba ya tsatsa ba ya samuwa nan kusa, na gwangwani kuma walda ba ta daɗewa a jikinsa, ranar da ya yoye kakin duka ya tafi. "Tukunyar dalma babba kaka nema, mai kauri, mai kunnuwa."

Na san inda irinta take. Na kwana biyu ban faɗa ba. Na zagaya wurin masu sayar da tukwane, na shafa, na tambaya, na wuce. Na nemi aro a maƙwabta, kowa ya ce tukunyar da kaki ya shiga ba ta komawa ga abinci, kuma gaskiyarsu ce. Buhun Alhaji na jingine a ɗaki, azumi na matsowa. Wata la'asar na kasa daurewa, na jawo tanon kan duwatsun murhu, na fara kwance bakin buhu.

Rabi na wanke tukunyarta a gefe. Ta dubi tanon, ta dubi zanan, ta dubi ƙaramar 'yarmu da ke rarrafe.

"Baban Nana, ruwan hwa?"

"Babu ta ciki."

Ta ɗauraye tukunyar, ta goge ta da gefen zanenta, ta kawo ta zaunar cikin tanon. Ta shiga daidai, kunnuwanta suka hau bakin ƙarfen.

"Rabi, ita muka ci."

"Na sani. In azumi ya kama, wa ka sayen shinkahwa da rana? Zuba."

"Bayan salla hwa?"

"Mu kai sallar tukuna."

Na zuba. Ruwa ya tafasa a ƙasa, kakin ya narke a hankali, garau kamar man shanu. Rabi na kwasa da moɗa tana cika bututai, ni ina daidaita lagwani. Ba mu cika kwalayen duka ba. Alhaji ya karɓi abin da muka kai, ya ɓata fuska, ya ce zai gani. Har yau a kan "zai gani" ɗin muke, wani mako ya aiko, wani mako shiru.

Yanzu idan na tuna gatanar Kaka Mamu, tambayar ƙanwata ce ke dawo mini. Haƙurin da na ɗauka shi ne darasin, ashe rabi ne. Sauran rabin shi ne, wanda ba shi da komai, in zai tsira sai ya fasa abu ɗaya mai kyau da ya rage masa, kuma sau da yawa abin ba nasa ba ne, na wadda ke kusa da shi ne.

Bayan salla lakwal ta koma. Ranar farko da hantsi, wasu 'yan mata biyu sanye da kayan makaranta suka yi sallama a ƙofarmu, kowace da kwanonta, suna tambaya ko Inna Rabi ba ta da lafiya ne. Ta fita ta ce lafiyarta lau, ta daina ne. Ta kwatanta musu gidan wata mai waina, ta tsaya a ƙofa har suka sha kwana. Sannan ta dawo, ta ɗaura zane, ta ce in matsa ta hura wuta.