Halliru Mai Rediyo da Rigar Talabijin

A watan Afrilu na 1984 aka rufe iyaka. Waɗanda suka ba da umarnin daga Legas ba su taɓa shan ruwan Illela ba, ina zaton ko a taswira sai an nuna musu ita da yatsa. 'Yarmu Lubabatu tana aure a Yamai. Uwarta Hindatu tana kwance a ɗaki, ɓarin jikinta na dama ya shanye. Daga ranar nan ba su sake zama a tabarma ɗaya ba.

Ba kuka na zo yi ba, na yi shi na gama. Na ɗauki alƙalami ne saboda Halliru mai gyaran rediyo zai rufe rumfarsa ƙarshen watan nan. Idanu sun gaza, zai koma Kalmalo wurin ƙannensa. Na san garinmu sarai. Ba za a yi masa taro ba, ba wanda zai rataya masa lambar yabo. Masu rufe iyaka ake ajiye wa waɗannan.

Duk mai bin hanyar kasuwa da hantsi ya san shi. Yakan share gindin dalbejiya, ya shimfiɗa buhu, ya cusa ƙarfen narka dalma cikin garwashi, sannan ya jira. Ko me aka kawo masa, kafin ya kwance ko ƙusa ɗaya sai ya kunna ya ɗora bayan hannu a kai, kamar uwa mai duba zazzaɓi. Sau da yawa hukuncinsa guda ne: "Ba lalacewa yay yi ba, zahi shika ji."

Ladanin masallacin Juma'a shaida ne. Duk bazara lasifika takan yi shiru a tsakiyar huɗuba, na bayan sahu su koma kallon leɓen liman. Halliru ya yanka murfin tsohuwar tukunya, ya tsattsaga shi kamar mataji, ya ɗaure a bayan injin don ya janye zafin. Tun daga nan muna jin huɗuba har ƙarshe, ko da ba ma aiki da ita. Ma'aikatan asibiti ma shaida ne, don shi ya yi wa firjinsu na kananzir bututun hayaƙi, allurar rigakafi ta daina lalacewa. Waɗannan kowa ya gani. Abin da zan faɗa yanzu a gidana aka yi.

Muna da ƙaramin akwatin talabijin mai aiki da batirin mota. A Ƙonni na saye shi, kuma tashar Nijar yake kamawa. Hindatu ta ɗinka masa riga, yadda matanmu ke yi wa duk abin da suke ji da shi: farin yadi da surfani, ya rufe sama da baya da gefe, gaba kuma a ɗage idan za a yi kallo. Shi ne aikin hannunta na ƙarshe. Saura fure ɗaya bai ƙare ba ciwon ya same ta.

A bazarar da ta biyo bayan rufe iyaka, Hamidu mai fataucin albasa, wanda ke ratsa daji da jakuna, ya kawo saƙo da baki. Lubabatu ta haihu, namiji. Ba za ta iya biyo hanyar daji da jariri ba. Amma da yake ita ungozoma ce, za a nuna ta a shirin mata na talabijin ranar Alhamis bayan magariba, kuma ta yi alkawarin riƙe yaron a cinya don uwarta ta gan shi.

Matsalar ita ce akwatin. In aka kunna shi cikin zafin nan, kafin a shanye kofin shayi hoton zai tsuke, ya yi wari, ya mutu, kuma ba ya dawowa sai ya huce sosai. Ba wanda ya san ko a farkon shirin za ta fito ko a ƙarshe. Shirin kuwa sau ɗaya ne, Hindatu kuma ba ta da wata bazarar. Likita bai ɓoye mini wannan ba.

Na kira Halliru. Ya yi sallama, ya durƙusa ya gaishe ta, ya ɗora bayan hannu a kan akwatin. Na ce abin a fili yake, rigar ce ta toshe ramukan iska, a tuɓe ta kawai.

Hindatu ta dube ni da bakinta da ya karkace. "Malam, ka taɓa ganin na bar abin daraja tsirara?"

Halliru ya kama gefen yadin, ya tsaya a kan furen da bai ƙare ba. "Goggo, wa yay yi wanga aiki?"

"Ni. Kahin hannun ya ƙi ni."

"To, riga ba ta hita."

A zaure na tare shi. Na ce ko bai ji abin da na faɗa ba ne.

"Na ji, Malam. Laihin riga na. Na sani, ka sani, ita ma ta sani. Amma in an tuɓe ta, Goggo ba hoto za ta kalla ba, hannunta za ta kalla. Bari iska ta biyo wata hanya."

Washegari ya dawo da wata ƙaramar fanka da ya ciro daga gawar wata Fijo a bayan tasha, yana dariya shi kaɗai. "Annasara sun sa ta don ɗuma ƙafar direba. Ɗumi, ga Illela! Sabuwa ta fil, ba wanda yat taɓa kunna ta." Ya huda teburin, ya huda gindin akwatin, ya ɗaure fankar a ƙasa ta riƙa tura iska sama. Ya haɗa gwangwanayen madara ya yi bututu biyu da suka bi ta taga: ɗaya mai fitar da zafi daga ƙarƙashin rigar, ɗaya mai shigo da iskar waje ta cikin jiƙaƙƙen buhu. Da ya gama ya gyara wa rigar zama, ya shafe ta da tafin hannu. In ba ka leƙa ƙarƙashin tebur ba, ba za ka san an taɓa komai ba.

Ranar Alhamis matan maƙwabta suka cika ɗakin. Halliru yana waje, bayan taga, buta a hannu ɗaya yana jiƙa buhu, ɗaya hannun riƙe da gorar eriya don kada iska ta kawar da ita daga saitin Ƙonni. Daga inda yake ba a ganin komai sai bango.

Aka yi waƙa. Aka yi wani dogon jawabi da Faransanci. Aka nuna masu saƙa. Lokacin da akwatin ya saba mutuwa ya zo ya wuce, fanka tana ta gurnani a ƙarƙashin tebur. Can kusa da ƙarshe sai ga Lubabatu, tana koya wa mata dama kunun yara, da yaron a cinya. Ta juyo da fuskarsa gaba, ta riƙe shi haka fiye da yadda darasin ke bukata.

Hindatu ta ɗaga hannun hagu. Ta ce, "Kunnuwanka na, Malam. Allah shi kyauta."

Da aka gama na fita. Halliru ya jiƙe har gwiwa, sauro ya gama da ƙafafunsa. Ya ce, "Malam, ta gani?"

Kalma biyu ce amsar, amma na kasa fitar da ita. Ni da na ƙare rayuwata ina koyar da magana a aji. Ya dube ni, ya sunkuyar da kai, ya ajiye butar ya tafi. Kafin Alhamis ta zagayo Hindatu ta rasu. Ya zo gaisuwa, ya yi addu'a, ya zauna can baya. Wurin ta'aziyya ba wurin zancen talabijin ba ne. Bayan nan kunya ta hana shi sake tambaya, ni kuma duk ranar da na nufi rumfarsa sai in tsaya a gaisuwa.

Halliru, kai ne gwanin gindin dalbejiya. Kai ne ka ga cewa akwatin na wata ne, ba na littafin gyara ba. Masu gyara da yawa suna ceton inji su karya mai shi, ba su ma san sun yi ba. Samarin da ke koyon sana'ar nan, ku je Kalmalo tun yana iya magana. Narka dalma kowa zai koya muku. Ku tambaye shi yadda ake duban mai kaya kafin a duba kaya.

Na gode, Allah ya saka maka da alheri, ya sanyaya maka ranar da kowa zai nemi inuwa. An buɗe iyaka daga baya, yaron ya zo da ƙafarsa, kunnuwan kuwa nawa ne. Akwatin yana nan da rigarsa. Na san idanunka ba za su iya karanta wannan ba, don haka duk wanda ya karanta maka, ya ɗaga murya a nan.

Ta gani, Halliru. Har ƙarshe ta gani.