Ranar da Baba Ya Zaɓar Wa Kwamfutata Riga

Shekarar da makarantar da nake koyarwa a Inugu ta tura ni kwas na wata shida a Fatakwal, ita ce shekarar da na fara mallakar kwamfutar tafi-da-gidanka. Baƙa ce, mai nauyi, irin ta lokacin. Ranar da na kawo ta gida na ajiye ta a kan tabarma a tsakar gida, Inna ta leƙa ta ce tana kama da faranti mai murfi, ta koma wajen tukunyarta. Baba kuwa sai ya miƙo hannu.

Baba baduku ne. Tun yana saurayi yake da rumfa a unguwar Ogui a nan Inugu, ya bar ta lokacin yaƙin basasa ya koma Kano da Inna da yayyena biyu, bayan ƙura ta lafa ya dawo ya sake kafa ta a wuri guda. Ni a nan aka haife ni bayan dawowar. Yakan ce shekarun da suka biyo baya, da kuɗin mai ya shigo gari, babu ma'aikacin da ba ya rataye da rediyo, kuma rabin rediyoyin Inugu shi ya ɗinka musu riga ta jar fata. Amma a lokacin da nake ba da labari ya daɗe da barin rumfa. Idanunsa sun yi yana, hannun damansa kuma yana ɗan rawa idan ya ɗaga kofin shayi.

Ya ɗora kwamfutar a cinya, ya bi gefunanta da yatsa, ya tsaya a kowace kusurwa.

"Uwata," ya ce, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini, "a haka za ki hau mota da ita tsirara?"

"Zan saka ta cikin akwati tsakanin zannuwa, Baba."

"A can kuma fa? Kullum akwati za ki ɗauka zuwa aji?"

Na ce zan biya kasuwa ran Asabar in sayo mata jaka. Ya ce to, sai mu tafi tare. Na so in hana shi, saboda ya fi shekara bai wuce masallacin unguwa ba, amma Inna ta yi mini ido daga bakin murhu, na fasa.

Ran Asabar da hantsi na tarar ya riga ni shiryawa. Ya sa farar rigarsa ta Juma'a, ya shafa turare, sandarsa a jingine. Bai yarda da hawa babur ɗin okada ba, don haka muka ɗauki tasi zuwa kasuwar Kenyatta a Uwani, ni riƙe da kwamfutar a naɗe cikin tawul. Duk hanya yana tambayata ina muke, in na faɗa sai ya gaya mini abin da ke wurin a da. Nan wani mai gyaran agogo, can wata mata mai sayar da ƙosai da take ajiye masa ruwan alwala.

Shagon da muka shiga na wata matashiya ce 'yar Ibo, jakunkuna sun cika bango har rufi. Na yi mata bayani da yarensu, tunda da shi na tashi. Ta zaro mini guda uku nan take. Ɗaya ruwan hoda ce mai zanen furanni, kuma ita ce ta shiga raina. Na riga na fara tunanin yadda za ta dace da mayafina.

Baba ya ce a ba shi. Ya juya ta, ya cusa hannu ciki, ya ja bakin ɗinkin da babban yatsa.

"Wannan manna ta aka yi, ba ɗinki ba ne. Rana ɗaya ta Fatakwal za ta buɗe baki."

Na fassara wa mai shagon da ɗan sassauci. Ta taɓe baki, ta miƙo ta biyu. Wannan ya ja zif ɗinta sau uku yana saurare, ya ce haƙoran ƙarfe ne kuma babu abin da ya raba su da jikin kwamfutar, za su yi ta gogar ta. Ta uku ya ce ta yi yawa, abin zai riƙa yawo a ciki. Ta huɗu da ta ƙaro ta matse, sai an yi kokawa kafin a fitar. Na fara jin kunya, don wasu masu saye sun shigo sun tsaya suna kallonmu. Na sunkuya na ce masa a hankali, "Baba, ku bari mu ɗauki ɗaya mu tafi, mun tsare mata shago."

"Ba mu zaɓa ba tukuna," ya ce.

Abin da ban zata ba, mai shagon ce ta canza. Ta sallami mutanen, ta jawo kujerar da take zama ta ajiye masa, ta tambaye ni ko tela ne. Na ce baduku ne, mai aikin fata. Sai ta taka benci ta sauko da wani ƙunshi daga can sama, ta riƙa miƙa masa ɗaya bayan ɗaya ba tare da ta bi ta kaina ba. Shi yana magana da guntun turancin kasuwa da ya rage masa, ita tana amsawa, har da dariya. Da ya nuna mata inda ake gane ɗinki biyu daga ciki, ta ɗauko wata ta gwada da kanta, ta ce ashe shekara uku tana sayar da abin da ba ta taɓa juya cikinsa ba.

Cikin ƙunshin akwai wata ta fata, ruwan ƙasa, mai sheƙi. Da na ga ta shiga hannunsa na ce a raina magana ta ƙare. Ya shinshina ta, ya murza, ya daɗe yana shafa ta.

"Fatar gaske ce," ya ce. "An jeme ta da kyau."

"To mu ɗauke ta, Baba."

Ya girgiza kai. "Fata tana tare ƙura da karcewa. Ba ta tare faɗuwa. Rediyo in ya faɗi ya tashi, wannan kuwa kin ce gilashi ne a cikinta." Ya ajiye ta a gefe a hankali. "Da ni ne ma na ɗinka, haka zan gaya miki."

Wadda ya zaɓa a ƙarshe ba ta da wani kyau. Toka-toka ce, mai soso a ciki mai kauri, ba hannu ba aljihu, zif ɗin roba da leɓen ƙyalle a bayansa. Ya sa na zura kwamfutar, ya riƙe da hannu biyu ya girgiza kusa da kunnensa, bai ji motsi ba. Ya nemi a ɗiga ruwa a bayanta, mai shagon ta ɗiga daga robar ruwanta, ya taɓa ya ji ya gangare. Sannan ya ce, "Wannan." Na kalli mai furannin sau ɗaya, na ciro jakar kuɗina. Matar ta rako mu har bakin titi, riƙe da gwiwar hannunsa a wajen kwata.

A gida, bayan azahar, ya ce kusurwoyin ƙasa biyu ba su gamshe shi ba, a nan nauyi yake sauka. Ya sa Inna ta jawo tsohon akwatin aikinsa daga ƙarƙashin gado. Ya lalubo wani guntun jar fata da ya yi laushi don tsufa, ya yanka gida biyu da almakashi, kowanne bai fi tafin jariri ba. Zaren ne ya gagara. Ya kai shi bakin allura ya fi sau biyar, hannun yana kaucewa. Na miƙa hannu zan karɓa, Inna ta riga ni. Ta zauna kusa da shi, ta zura, ta goga wa zaren kakin zuma, ta miƙa masa.

Kwana uku ya yi a kan kusurwoyi biyun nan, kullum daga azahar zuwa la'asar. Shi yake huda da basilla yana lalube, Inna tana gaya masa in ya kauce layi. Wani lokaci su yi gardama, ya ce daidai yake, ta ce ita ce mai ido. Ɗinkin bai miƙe ba. Akwai inda ya yi tsalle, akwai inda ya koma rami ɗaya sau biyu. Da ya gama ya bi shi da yatsa, sannan ya ce, "A da, da na warware shi."

"Ku bar mini shi haka, Baba."

"Zai riƙe dai," ya ce. "Kyau ne babu."

A Fatakwal na sauka a unguwar Borokiri wajen ƙanwar Inna, mai sayar da goro da dabino a bakin layinsu. Damina ce, kuma ruwan garin ba ya sallama. Kullum da safe nakan rungume kwamfutar a ƙirji ƙarƙashin mayafi in tsallaka kududdufai zuwa bakin titi. 'Yan ajinmu duk jakunkuna masu tsada suke riƙewa. Wata rana wata abokiyar zamana, 'yar Onica, ta ɗauki tawa tana juyawa, ta tambaye ni wane kamfani ne yake sa jar fata a kusurwa, don tana son irinta. Na ce mata mahaifina ne ya sa. Ta ce in na koma hutu in tafi masa da tata.

Na kuwa tafi da ita. Baba ya yi ta faɗa cewa na mayar da shi ɗan ƙwadago da tsufansa, yana faɗan yana tambayar Inna inda ta ajiye kakin.