Ranar da tururuwa ta duba nonona

Salama alaikum. Wata uku kun ji ni shiru. Ni ce Rabi ta Madarunfa. Ban iya rubutu ba, da baki nake faɗi, maigida zai sa muku.

Ɗiyata na da wata huɗu ciwon ya fara. Zazzaɓi, da suka a gefen dama kamar ana murɗa wuƙa. Anka yi ta ba ni kinini, shiru. Daga nan anka tura mu Maradi, likita ya ce sai sikanar, injin da ke ganin cikin mutum.

Kafin in shiga sai da sunka ɗebi jinina, wai su ga ko ƙodata lafiya lau. Majo, wato ma'aikacin jinya, ya tambaye ni ko ina da ciki, ko ina da asma, ko wani magani ya taɓa kumbura ni. Ya ce za a sa mini wani ruwa ta jijiya don hoton ya fito sarai. Na ce ina goyo fa. Ya ce, "Ki ci gaba da ba ta nono, babu komi. Ke dai ki sha ruwa da yawa."

Da ruwan ya shiga, zafi ya bi ni har ƙasa. Wallahi na ɗauka na yi fitsari a gadon mutane. Ina kuka ina ba su haƙuri, majo na dariya, ya ce kowa haka yake ji. Na shafa zanena, busasshe.

Ashe ƙurji ne a hanta. Sunka zuƙe mugunyar, sunka ba ni magani.

Rigimar a wajen Inna take, uwar maigida. Da ta ji an sa mini ruwan da ke haska ciki, ta ɗauke ɗiyar ta goya, ta ce nonona ya ɓaci, yaye za a yi. Wata huɗu! Maigida ya maimaita mata maganar majo, ta ce shi majon ya taɓa shayarwa?

Yini guda yarinya na tsala kuka, ni nono ya cika yana zogi.

Da la'asar Inna ta ce in tatsa a ludayi. Ta kamo tururuwa ta jefa ciki. In ta mutu, nono ya ɓaci.

Ban taɓa yi wa ƙwaro addu'a ba sai ranar.

Ta yi iyo, ta kama bakin ludayi, ta fito ta yi tafiyarta. Inna ta kwance goyo ta miƙo mini, ta ce, "Ungo ɗiyarki mai kukan banza."

Na gode wa Allah, na gode muku da addu'a. Yanzu har daka nake yi.

Mata 'yan uwana, in za a sa muku ruwan nan, ku faɗa wa likita komi, kar ku ji kunya. Kuma ku shiga da uwar miji ta ji da kunnenta. Tururuwata ta iya ruwa, ban san taku ba.