Kiɗan da Ya Tashi a Zaman Makokin Yaya Haruna

Ƙarar jita ce ke fara zuwa mini duk lokacin da na tuna ranar. Ba kukan mata ba, ba ƙamshin gahawar da ake zagawa da ita ba, sai wannan ƙara mai kama da zarto a kan ƙarfe, da ganguna suna bin ta a guje. A wannan watan yayana Haruna ya cika shekara goma sha biyu da rasuwa, kuma har yau akwai 'yan uwanmu a Umdurman ta ƙasar Sudan da ba su riƙe komai game da shi ba sai wannan ƙarar.

Ga yadda abin ya faru. An kama shi a tashar Suk al-Shabi, cikin samarin da ake saukewa daga bas ana kai su aikin soja na dole. Bayan wasu watanni aka aiko mana cewa zazzaɓi ya kashe shi a kudu. Gawa ba ta zo ba. Aka shimfiɗa tabarmi, maza a rumfar ƙofar gida, mata a tsakar gida. A rana ta biyu Gwaggo Saude, yayar mahaifinmu, ta ce shirun ya yi yawa, a sa karatu ya samu lada. Ta shiga ɗakin Yaya ta ɗauko kaset daga jerin da ke bisa taga, wanda gidansa, wato kwalin da ake saka shi, ke ɗauke da hoton wani makaranci da sunan sura, ta saka a rikoda, ta murɗa murya har ƙarshe don na waje su ji.

Maimakon karatu, ƙarar jita ce ta tashi. Ba a yi minti ɗaya ba aka kashe, amma magana zarar bunu ce. Kafin magariba unguwa ta gama yanke hukunci: ɗan malam ya goge karatun Alƙur'ani daga kasusuwan ubansa ya naɗi kiɗan shaiɗan a kai. Baba ya shigo, ya tattara kasusuwan ɗakin Yaya duka a buhu, ya fita da su, bai dubi kowa ba. Daga ranar ban ƙara jin ya yi zancen Yaya ba. Da ma ɗan fari ne, ko yana da rai Baba bai taɓa kiran sunansa ba saboda alkunya. Amma ni, ina 'yar shekara goma sha huɗu, na fassara shirun da fushi. Shiru ma magana ce, in ji Hausawa, sai dai ba su gaya mana yadda ake karanta ta ba.

Kakanninmu alhazai ne da suka taso daga ƙasar Hausa za su Makka, hanya ta ajiye su a bakin Nilu. Baba yana koyar da karatu a soro, Yaya kuwa yana aikin walda a wani shago a unguwar Alshajara. Bas biyu yake hawa kafin ya isa, kuma a hanyar ce ake tsayar da motoci ana bincike. A waɗancan shekarun ana aske wa saurayi suma a bakin titi, ana iya kwana da shi a caji ofis saboda kaset ɗin da ke aljihunsa. Duk da haka kiɗan rok yana shigowa, ta hannun ma'aikatan jirgin ruwa da ɗaliban da suka dawo daga waje, ana naɗar wannan daga wancan har sai murya ta dushe kamar daga cikin rijiya take fitowa. Masu sauraro ba su da yawa, kuma sun san juna. Wani tela a Kasuwar Umdurman ne ke ajiye musu a ƙarƙashin yadudduka.

Da azahar muke saurare, lokacin da zafi ya kwantar da kowa. Sai mu zauna a inuwar bayan ɗakinsa, ya ɗora rikoda a cinya ya rage murya, mu sunkuya a kanta kamar masu cin tuwo kwano ɗaya. Da biro yake mayar da kaset baya don batir ya daɗe. Sunayen ƙungiyoyin sun fi ƙarfin bakina, shi ya sa ya raɗa musu namu. Akwai Maƙera, masu nauyi, waɗanda ya fi so. Akwai Masu Zazzaɓi, da suke farawa a hankali sannan su haukace. Akwai kuma 'Yan Hazo, wasu daga wata ƙasa mai sanyi, da jitarsu ke tafiya kamar mai yawo cikin barci.

Ranar da ya fara sa mini Maƙera na ce masa wannan ai ragon layya ne ake yankawa. Ya yi dariya har ya toshe baki da hula.

"Autar Inna, kunnenki bai yi haƙori ba tukuna," ya ce. "Bar mai ihun. Bi wancan na ƙasa, mai kaurin murya. Shi ke riƙe da gidan."

Na bi, sai na ji ashe a ƙarƙashin hargowar akwai wani abu mai natsuwa yana tafiya, bai damu da kowa ba. Yana da ƙa'idojinsa na ba da kiɗa. Ba ya fara wa mutum da mafi nauyi. Ba ya yarda a zagi waƙa a ji na farko. Kuma ba ya tambayar me kake so, sai ya tambayi me ke damunka. Da na faɗi jarrabawar lissafi Masu Zazzaɓi ya sa mini. Da ƙawata ta makaranta ta daina kula ni bayan ta ji muna Hausa da Inna a kasuwa, 'Yan Hazo ya miƙo mini, ya ce in tafi da shi, nawa ne. Wannan kaset ɗin kaɗai ya tsira daga buhu, domin yana jakar makarantata.

Na taɓa tambayarsa abin da yake ji a Maƙera, shi da ko Turancinsu bai gama fahimta ba. Ya ce duk garin ana magana ƙasa-ƙasa, a bas, a wurin aiki, har a gida, to yana son ya ji cewa akwai wani wuri a duniya da mutum ke buɗe maƙogwaro duka, kuma ba a zo an tafi da shi ba.

Abu ɗaya ban taɓa tambayarsa ba, shi ne gidajen kaset ɗin. Na san na Baba ne, na san hotunan. Ina gani, ina kawar da kai. Bayan rasuwarsa tambayar ta zauna mini a ƙirji: da gaske ya goge karatu? Ba ni da wanda zan tambaya. Inna takan tashi ta shiga kicin in an ambace shi. Gwaggo takan ce Allah dai Ya yafe masa, da wata murya da ke nuna ita ba ta yafe ba. Na shiga jami'a, na karanta adabi, na yi ƙawaye masu kirki, amma ban samu ko ɗaya da zan ce wa, zo ki ji wannan, ba.

Yau abubuwa sun sauya, ba su kuma sauya ba. Masu mulkin suna nan, masu binciken suna nan. Sai dai kiɗan da Yaya ke jira wata da watanni yanzu yana tsallakawa daga waya zuwa waya a cikin bas. Na shiga shagon intanet na gano ainihin sunayen Maƙera da 'Yan Hazo, na ga fuskokinsu, sun tsufa. Ina jin da yana nan zai yi murna kwana biyu, sannan ya fara ƙorafi cewa yaran yanzu ba sa sauraron waƙa har ƙarshe. Abin da na tabbata zai girgiza shi shi ne 'yan garin nan da suka fara nasu. Na je na ji wasu a wani gida a Khartoum, da la'asar, an jingina katifu a tagogi. Da Larabcinmu na titi suke ihun, kuma wata yarinya mai mayafi ce ke riƙe da jitar nan mai kaurin murya. Ba zan faɗi sunansu ba, domin har yanzu suna na iya jawo wa mutum kwana a inda bai shirya ba. Amma in an gayyace ka irin wannan gida, ka je. In kunnenka sabo ne ka fara da masu sanyi, kada ka yanke hukunci a ji na farko, ka nemi na ƙasa ka bi shi. Na tsaya a bayan ɗakin ni kaɗai, sau biyu ina juyawa gefena in ce wa Yaya wani abu.

Me ya rage na Yaya Haruna? Ba kabari da za mu ziyarta, bai bar mata ko ɗa ba, ƙofofin da ya yi wa mutane walda ba su ɗauke da sunansa. Ya bar kunne ɗaya da ya horar, da wata ɗabi'a ta tambayar mutum abin da ke damunsa kafin a miƙa masa komai. Na daɗe ina ganin wannan ya yi kaɗan a kan abin da unguwa ta ɗora masa.

Bara Baba ya rasu. Da Inna ta fita takaba ta kira ni mu buɗe akwatinsa don a raba wa ɗalibansa littattafai. A can ƙasa muka tarar da ƙunshi a cikin tsohon rawani: kasusuwa ne tsirara, babu gida ko ɗaya. Na saka na farko, karatu ne. Na saka na biyu, karatu ne, ba a taɓa ko aya ba. Inna tana zaune a bakin gado, ba ta dube ni ba.

"Da hannunsa Babanku ya cire su ya ba yayanki gidajen," ta ce, "ranar da aka yi wa ɗan maƙwabta bulala a tasha saboda kaset ɗin kiɗa. Ya ce karatu ba ya jin sanyi, yaro kuwa yana jin bulala."

Na tambaye ta me ya hana shi faɗa ranar makoki. Ta ce a rumfar maza akwai mai kai wa hukuma rahoton unguwa, kuma da ya buɗe baki, sai an tambayi inda kasusuwan kiɗan suka fito da waɗanda ake ba wa.